Amare uku, baho uku: yadda aka gano kisan da bai bar tabo ba

A farkon shekarar 1915 wasu guntayen jarida guda biyu suka isa hannun 'yan sandan Landan. Ɗaya labarin wata amarya ne, Margaret Lofty, wadda aka tarar ta mutu a cikin bahon wanka a unguwar Highgate, kwana ɗaya tak bayan ɗaurin aurenta. Ɗayan tsohon labari ne daga garin Blackpool, shekara guda kafin nan: wata amarya mai suna Alice Burnham, ita ma a baho aka tarar da ita ba rai. A duka biyun miji ne ya fara ganin gawar, a duka biyun kuma hukuma ta riga ta rufe magana a kan cewa tsautsayi ne. Waɗanda suka lura da kamannin ba likitoci ba ne, ba kuma 'yan sanda ba. Mahaifin Alice ne, Charles Burnham, manomin 'ya'yan itatuwa, da Joseph Crossley na gidan hayar da Alice ta mutu a ciki. Kowannensu ya karanta labarin Margaret a jarida, gabansa ya faɗi, ya kai ƙorafi.

Daga nan aka fara warware shari'ar George Joseph Smith, mijin amaren biyu, shari'ar da a ganina ta fi duk wani kisan ɗakin wanka da tarihi ya ajiye cancantar a tsaya a kanta.

Kashe mutum a wurin wanka daɗaɗɗen abu ne, kuma dalilinsa a fili yake. Mai mulki yana yawo da dogarai da sulke da takobi, amma idan zai yi wanka sai ya tuɓe duka ya ajiye. Sarkin Rum Commodus, a daren ƙarshe na shekara ta 192, an ba shi guba ya amayar, sai aka tura masa wani ɗan kokawa mai suna Narcissus ya shaƙe shi a wurin wanka. Constans na Biyu, sarkin Rumawan gabas, hadiminsa ne ya kwaɗa masa abu a ka yana wanka a birnin Syracuse a 668. A tarihin Musulunci ma akwai irinsa: Fadlu ɗan Sahlu, wazirin Halifa Ma'amun, a gidan wanka aka kashe shi a Sarakhs a 818, haka nan Sultan Aibak na Masar, wanda bayin matarsa Shajaratud-Durri suka halaka a wurin wanka a Alƙahira a 1257, bayan ta ji yana shirin auren 'yar sarkin Mosul. Wanda ya fi shahara shi ne Jean-Paul Marat, ɗan jarida kuma jigon juyin juya halin Faransa. Ciwon fata ne ya addabe shi, har ya zama a cikin baho yake wuni, an gitta masa katako yana rubutu a kai. Ran 13 ga Yuli 1793 wata budurwa 'yar shekara 24, Charlotte Corday, ta zo daga Caen da cewa ta kawo masa sunayen abokan gabarsa. Ya sa aka shigo da ita. Ta zaro wuƙar girki da ta sayo a ranar, ta soka masa a ƙirji. Kwana huɗu bayan haka aka fille mata kai.

Duk waɗannan, babu wanda ya yi shakkar cewa kisa ne. Wurin wankan dama ce kawai ta samun mutum ba makami, ba mai gadi. Corday ko gudu ba ta yi ba. So take duniya ta san ita ce. Smith kuwa lissafinsa daban ne. Shi ruwan wankan ne makaminsa, shi ne kuma mayafinsa. Ya gane cewa akwai mutuwar da jama'a suka riga suka shirya karɓa ba tare da tambaya ba, a ɗakin da kunya ta hana kowa leƙawa, sai ya shiga ta wannan ƙofa har sau uku.

An haife shi a Bethnal Green, gabashin Landan, a 1872. Tun yana ɗan shekara tara aka kai shi gidan horon yara, daga baya ya sha shiga kurkuku saboda sata. A 1898 ya auri Caroline Thornhill a Leicester da sunan ƙarya, kuma ita kaɗai ce matarsa ta halal a idon doka har ya mutu. Sauran duk auren yaudara ne, don dokar Ingila ba ta yarda da mace fiye da ɗaya ba. Sana'arsa ita ce ya samu mace mai ɗan abin hannu, ya aure ta, ya kwashe ajiyarta da kayanta, ya yi ɓatan dabo. Akwai wadda ya kai yawon buɗe ido, ya ce ta jira shi zai zaga, bai dawo ba. Kasuwar tasa kuwa tana ci ne saboda halin da ƙasar ke ciki: ƙidayar 1911 ta nuna mata sun fi maza yawa da fiye da miliyan ɗaya a Ingila da Wales, kuma macen da ta haura shekara 30 ba aure ana yi mata kallon wadda kasuwarta ta watse. Waɗannan matan ba wawaye ba ne. Alice ma'aikaciyar jinya ce, Margaret 'yar limamin coci ce, Bessie Mundy kuma, wadda ya fara kashewa, 'yar manajan banki ce. Mutane ne da kaɗaici ya dame su, wani ya zo ya nuna musu kulawa.

Labarin Bessie ne ya fi nuna yadda kansa ke aiki. Mahaifinta ya bar mata gadon fam 2,500, amma dangi sun ɗaure kuɗin a hannun amintattu, riba kawai ake ba ta duk wata. Smith ya aure ta a Weymouth a 1910 da sunan Henry Williams, ya karɓe ɗan abin da ya taru na ribar, ya gudu, ya bar mata wasiƙar cin mutunci yana zarginta da sa masa ciwon sanyi. A watan Maris 1912 suka yi kiciɓis a Weston-super-Mare, ta yafe masa, suka koma tare. Suka kama gida a Herne Bay, gidan da babu baho a ciki. Smith ya nemi shawarar lauya, aka tabbatar masa cewa muddin Bessie na raye ba zai taɓa uwar kuɗin ba, amma idan ta mutu ta bar masa wasiyya, nasa ne.

A duba yadda kwanakin suka jeru. Ran 8 ga Yuli suka sa hannu a wasiyya, kowa ya bar wa ɗan'uwansa abin da ya mallaka, alhali shi ba shi da komai. Washegari ya je shagon mai sayar da kayan ƙarfe ya zaɓi baho, aka yi ciniki daga fam biyu zuwa fam ɗaya da sule 17 da sisi. Baho ne irin na Turawa da ake kwanciya a ciki, dogo kamar kwamin shayar da shanu, ba famfo a jikinsa, sai an yi ta jido ruwa da bokiti ana hawa bene da shi. Ran 10 ga wata ya kai ta wurin wani likita, Dakta French, ya ce ta yi farfaɗiya. Ita dai ciwon kai kawai ta ce tana ji, ba ta tuna wata faɗuwa ba, amma ai mai farfaɗiya ba ya tunawa, don haka maganar miji ta zauna. Bayan kwana biyu ya sake kiran likitan cikin dare, wai ta sake yi. Ran 13 ga Yuli da safe likita ya samu 'yar takarda cewa ya zo, matar ta mutu. Ya tarar da ita rigingine a baho, kanta cikin ruwa, ƙafafunta a miƙe sun fito waje, sabulu damƙe a hannunta na dama. Da aka zauna binciken musabbabin mutuwa, likitan ya faɗi abin da ya sani: tana da farfaɗiya, ta faɗi a ruwa, ta nutse. Bai san cewa abin da ya sani ɗin Smith ne ya dasa masa ba. Bayan an binne ta Smith ya mayar da bahon shago, don dama bai biya kuɗinsa ba.

Wannan dabara ta kai mace wurin likita kafin ranar ita ce ginshiƙin komai. Ya mayar da mutumin kirki shaidarsa ba tare da mutumin ya sani ba.

Sauran biyun sawu ɗaya suka bi, sai dai sauri ya ƙaru. Alice, 'yar shekara 25, ya aure ta a Nuwamba 1913, ya sa aka yi mata inshorar rai ta fam 500, ya kuma matsa wa mahaifinta ta hannun lauya sai da ya fito da kuɗinta da ke ajiye wurinsa. A Blackpool gidan farko da suka duba ya ƙi shi saboda babu baho. Ya kai ta wurin likita da ƙorafin ciwon kai. Ran 12 ga Disamba masu gida suna zaune a kicin sai suka ga ruwa yana ɗiga daga silin. Ya binne ta a kabarin talakawa mafi arha. Margaret, 'yar shekara 38, ya aure ta a garin Bath ran 17 ga Disamba 1914 da sunan John Lloyd, da inshorar fam 700. A daren suka iso Highgate, ya kai ta wurin likita. Washegari ta rubuta wasiyya. Da yamma uwar gidan hayar, Louisa Blatch, tana guga a ƙasa ta ji motsin ruwa daga ɗakin wanka, da ƙarar hannu mai jiƙe yana goga jikin baho, sannan wani dogon numfashi. Jim kaɗan ta ji ana kaɗa waƙar coci da wani abin kiɗa mai kama da fiyano da ke falo. Can sai aka buga ƙofar waje: Smith ne, da tumatir a hannu, wai ya fita sayo wa matarsa na abincin dare, yana tambaya ko ta fito daga wanka.

Sufeto Arthur Neil ne aka ɗora wa binciken. Ya kama Smith ran 1 ga Fabrairu 1915 a lokacin da ya zo wurin lauya bin kuɗin inshorar Margaret, da laifin ba da sunan ƙarya a rajistar aure, don shi kaɗai ne abin da za a iya riƙe shi da shi a lokacin. Da labari ya bazu a jaridu ne 'yan sandan Herne Bay suka tuna da Bessie.

A nan ne aka ci karo da ainihin wuyar al'amarin. An tono gawarwakin uku, likitan binciken gawa Bernard Spilsbury ya duba su. Babu guba. Babu alamar shaƙewa ko kokawa, in ban da ɗan ƙaramin rauni a gwiwar hannun Margaret. To yaya za a yi a nutsar da babbar mace mai lafiya a baho, a gidan haya mai mutane a ƙasa, ba ihu, ba yaƙushi, ba tabo? Duk wanda aka danna kansa a ruwa zai yi fafutukar ceton rai, kuma fafutukar tana barin shaida a jikinsa da jikin mai dannawar.

Spilsbury ya koma kan awo. Bahon Herne Bay ƙafa biyar ne tsawonsa, kuma wajen kai a gangare yake, Bessie kuwa ta haura ƙafa biyar da rabi. Ya ce farfaɗiya da farko sandarar da jiki take yi, ta miƙar da ƙafafu. Mace mai wannan tsawo idan ta sandare a wannan baho, ƙafafunta za su tokare ƙarshensa su tura kanta sama, waje da ruwa. Idan kuma suma ta yi jiki ya saki, ba za a same ta da ƙafafu a miƙe a sama ba. Sannan ga sabulun: wanda ya suma yakan saki abin da ke hannunsa, damƙewar tana nuna mutuwa ce ta farat ɗaya. Sai ya kawo bayaninsa, cewa idan aka kama ƙafafun mai wanka ba zato aka fizge su sama, kai zai zame cikin ruwa, ruwan ya bugi hanci da maƙogwaro da ƙarfi, mutum ya fita hayyacinsa nan take kafin ya yi wani yunƙuri. Neil ya gwada hakan kafin shari'a da wata mace gwanar ninƙaya, wadda ta san abin da za a yi mata. Da aka yi ta ƙoƙarin danna ta da ƙarfi, ta yi ta turjewa. Da ya fizgi ƙafafunta, sai ta yi shiru ba motsi. Sai da aka ɗauki kusan rabin awa ana fama kafin ta farfaɗo. Gwajin ganganci ne da ya kusa ƙara gawa ta huɗu, kuma yau babu hukumar da za ta yarda a yi shi.

Ana yawan ba da labarin kamar kimiyya ce ta kama Smith. Ni ban ga haka ba. Abin da Spilsbury ya nuna shi ne cewa ana iya yin kisan ta wannan hanya, da cewa labarin farfaɗiyar bai dace da awon bahon ba. Bai nuna cewa an yi ba, don gawar Bessie ta shekara biyu da rabi a ƙasa, ta lalace. Da mutuwarta kaɗai aka kawo gaban kotu, lauya mai kaifin baki irin Edward Marshall Hall, wanda ya tsaya wa Smith, zai iya cewa: ga likitan da ya gan ta da rai ya ce farfaɗiya ce, ga hukuma ta ce tsautsayi ne, babu wanda ya ga komai, a kan me za a rataye mutum? Kuma da wuya a ba shi amsa.

Abin da ya yanke shari'ar tambaya ce ta doka. An gurfanar da Smith a kotun Old Bailey ran 22 ga Yuni 1915 a kan kisan Bessie kaɗai, don a wancan zamani, kisa ɗaya ake tuhumar mutum da shi a zama ɗaya. Ƙa'idar dokar Ingila kuwa ita ce ba a kawo wa masu yanke hukunci labarin sauran laifuffukan mutum don a nuna cewa mugu ne, saboda haka shi ya yi wannan ma. Ƙa'ida ce mai kyau. Ita ke hana a hukunta mutum da mummunan sunansa. Marshall Hall ya tsaya kai da fata cewa kada a ambaci Alice da Margaret. Mai gabatar da ƙara, Archibald Bodkin, ya dogara da wani hukunci na 1894, na shari'ar John da Sarah Makin a Ostareliya, ma'auratan da ke karɓar jarirai riƙo don kuɗi, aka tuhume su da kashe ɗaya, aka kuma tono gawarwakin wasu jarirai da dama a gidajen da suka taɓa zama. A can an yarda a kawo sauran don a rushe da'awar cewa mutuwar ta Allah da Annabi ce. Mai shari'a Scrutton ya bi wannan. Ya ja kunnen masu taya shi yanke hukunci cewa ba za su yi amfani da mutuwar sauran biyun don auna halin Smith ba, sai don amsa tambaya guda: mutuwar Bessie tsautsayi ce ko shiri?

Da aka jera ukun, babu sauran wurin ɓuya. Aure, wasiyya ko inshora, neman gida mai baho, ziyarar likita, wanka, ƙofa ba a kulle ba, miji ya fita sayen ɗan abin cefane, miji ya dawo ya tarar da gawa, jana'iza mai arha, karɓar kuɗi. Tsautsayi yana iya faɗa wa mutum sau ɗaya. Amma a ce ya faɗa masa sau uku cikin shekara biyu da rabi, ta siga ɗaya, kuma kowane karo ya bar shi da riba, hankali ba zai ɗauka ba. An kira shaidu 112, an shigo da bahon cikin kotu. Smith ya yi ta ihu daga akwatin tuhuma yana ƙaryata shaidu, amma bai yarda ya hau ya ba da shaida da bakinsa ba. Ran 1 ga Yuli masu yanke hukunci suka fita, cikin kusan minti 20 suka dawo da cewa ya aikata. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar, aka rataye shi a kurkukun Maidstone ran 13 ga Agusta 1915, yana musun laifin har ƙarshe. Har yau ɗaliban lauya suna karanta wannan hukunci, kuma ƙa'idar ta zo mana nan: dokar shaida ta Nijeriya ta 2011 ta yarda cewa idan ana jayayya ko abu ganganci ne ko tsautsayi, ana iya kawo hujjar cewa yana cikin jerin abubuwa masu kama da juna da suka shafi mutum ɗaya.

Sai dai wannan hujja ta "ba zai yiwu a ce dace ba ne" wuƙa ce mai kaifi biyu, kuma ina ganin wajibi ne a faɗi haka. A 1999 wata kotun Ingila ta ɗaure Sally Clark, lauya, da laifin kashe jariranta biyu da suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Wani babban likitan yara, Roy Meadow, ya gaya wa kotu cewa yiwuwar irin wannan mutuwa sau biyu a gida irin nata ɗaya ce cikin miliyan 73. Lissafin kuskure ne, domin ya ɗauka mutuwar farko ba ta da alaƙa da ta biyu, alhali 'ya'yan ciki ɗaya suna iya gadon ciwo ɗaya. Daga baya aka gano akwai sakamakon gwaji da ke nuna ƙwayar cuta a jikin na biyun, wanda ba a bayyana wa kotu ba. An sake ta a 2003, ta rasu a 2007 ba ta murmure daga abin da aka yi mata ba. Bambancinta da Smith shi ne, a wurinta maimaituwar mutuwa ce kaɗai hujja. A wurinsa kuwa abin da ya maimaitu aikin hannunsa ne: shi ya canja suna, shi ya nemi lauya, shi ya sayi baho, shi ya kai su likita, shi ya karɓi kuɗi. Matan uku ba dangin juna ba ne, babu ciwon gado da ya haɗa su. Shi kaɗai ne ya haɗa su.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne raunin da ya ba shi dama bai gushe ba. Binciken musabbabin mutuwar nan uku duk an yi su ne cikin gaggawa, a garuruwa daban-daban, da miji a matsayin babban shaida, kuma babu ofishin da ya san abin da ɗayan ya rubuta. Dangin Bessie sun nemi a yanka gawa a duba, ba a yi ba. Mahaifin Alice tun ranar da ya fara ganin surukin nasa hankalinsa bai kwanta da shi ba, amma babu wanda ya tambaye shi. Kusan shekara 90 bayan haka, a ranar 1 ga Maris 2004, aka tarar da Kathleen Savio ta mutu a bahon gidanta a Bolingbrook, jihar Illinois ta Amurka. Bahon a bushe yake, ga tsaga a fatar kanta. Tsohon mijinta, Drew Peterson, sajan ɗin 'yan sanda ne a garin, kuma suna tsakiyar rikicin rabon dukiya. Ta sha kai ƙararsa, ta kuma gaya wa 'yan'uwanta tana tsoron zai kashe ta. Duk da haka aka rubuta tsautsayi. Ba a waiwayi maganar ba sai da matarsa ta huɗu, Stacy, ta ɓace a watan Oktoba 2007. Sannan aka tono gawar Kathleen, aka sake dubawa, aka ce kisa ne. An same shi da laifi a 2012, aka yanke masa shekara 38 a kurkuku. Stacy kuwa har yanzu ba a same ta ba, kuma ba a tuhumi kowa a kan ɓatanta ba.